Likitan Aljihu Ko Dillalin Magani?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, masu rumfa da masu kasa kaya a ƙasa, 'yan tireda da 'yan koli, yau maganar ciwo za mu yi, da inda talaka ya ke kai kukansa in ciwo ya kama shi ko ya kama ɗansa.

A da, in yaro ya kwana da zazzaɓi, uwa ta kan tambayi kakarsa ko ungozoma, in abin ya ƙi a goya shi sai asibiti. Yanzu zamani ya kawo sabon abin tambaya, yana nan cikin aljihun kowa. Ko wanda bai yi boko ba yana da ɗa ko ƙane ko yaron shago da zai latsa masa. A rubuta sunan ciwo a shafin Google, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa suna matambayi-ba-ya-ɓata, kafin ƙiftawar ido amsa ta fito. Kamfanin da bakinsa ya faɗa a 2015 cewa cikin kowace tambaya 20 da a ke yi masa, guda ta lafiya ce.

Ba mu zo zagin wayar hannu ba. Ita ta sa ɗan kasuwar Dawanau ya ke sanin farashin riɗi a Legas bai tashi daga rumfarsa ba. Kuma mun daɗe muna cewa talaka ya nemi sani, gama jahilci shi ne igiyar da aka fi ɗaure shi da ita. Amma kowane ɗan kasuwa ya san ba a sakin jiki da mutum a ciniki sai an san wanda ya ke wa aiki. Wannan inji dillali ne, da la'ada ya ke ci. Inda hukuma ta tsaya a kansa, ya kan cika mudu. Mu kuwa nan babu wanda ya tsaya a kansa, kuma babu wanda ya zuba masa gaskiya da harshenmu balle ya auna mana. Abin da ya kawo mu ke nan.

YADDA DILLALIN YA KE AIKI

Injin bincike bai taɓa duba idon majinyaci ba, bai taɓa taɓa goshin yaro ya ji zafinsa ba. Aikinsa uku ne. Da fari yana sakin waɗansu manhajoji su yi ta yawo cikin intanet dare da rana suna kwafe abin da mutane suka rubuta a shafunansu. Sa'an nan ya tara abin da ya kwafo cikin wani ƙaton rumbu, kowace kalma da inda za a same ta. Na uku, in ka yi tambaya, sai ya tsamo shafunan da ya ga sun dace ya jera maka, wannan a sama, wancan a ƙasa. Dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kanta a 1998 ƙidaya ce: shafin da sauran shafuna suka fi nunawa, shi a ke ɗauka ya fi daraja. Daga baya an ƙara ma'aunai masu yawa, amma kamfanin bai taɓa baje su duka a fili ba. Watau mudu nasa ne, awo nasa ne, kai dai sai abin da aka zuba maka.

To, ina la'adar ta ke, tun da ba ka biya ko kwabo ba in ban da kuɗin data? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A saman shafin, kafin a kai ga amsoshin da inji ya zaɓo, akwai wurin talla, kuma gwanjonsa a ke yi. Mai haja ya kan ce, duk wanda ya rubuta kalma kaza a nuna masa tallata, in ya latsa zan biya kaza. Masu haja su yi ta tayi, inji ya duba tayin kowa da kyan tallarsa, wanda ya ci a ba shi rumfar bakin ƙofa. Ku da ke zaune a Kurmi da Kantin Kwari da Sabon Gari kun fi kowa sanin darajar rumfar bakin ƙofa. Baƙo ba ya ratsa kasuwa, inda ya fara gani nan ya ke tsayawa. Gaskiya ne a kan sa 'yar alama cewa wannan talla ce, amma 'yar kalma ce ƙarama, sau da yawa da Turanci, wanda ɗansa ke kwance ba ta ita ya ke yi ba.

Kada ku ɗauka cinikin ƙarami ne. A 2023 kamfanin Alphabet, wanda ya mallaki Google, ya sami kuɗin shiga dala biliyan 307, fiye da kashi uku cikin huɗu daga talla suka fito. Kusan tambaya 9 cikin 10 da a ke yi wa injunan bincike a duniya, Google a ke yi wa. A watan Agusta 2024 wani alƙali a Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukunci cewa kamfanin ya yi babakere a wannan kasuwa ta hanyar da ta saɓa wa doka. A gaban kotun nan aka ji cewa a 2021 kaɗai ya biya fiye da dala biliyan 26 ga masu ƙera waya da masu manhajoji don a sa shi ya zama ƙofar farko. Kasuwa guda da dillali guda, kun san yadda ciniki ya kan kasance.

ABIN DA YA FARU INDA A KE DA MASU TSAWATAWA

Ku bari mu kai ku ƙasashen waje kaɗan, don ku ga abin da la'ada ke iya sawa a yi, da abin da tsawa ke iya gyarawa.

A Amurka, a 2011, Google ya amince ya biya Gwamnati dala miliyan 500, domin shekara da shekaru yana karɓar tallar kantunan magani na Kanada masu aika wa Amurkawa magunguna ta hanyar da dokar ƙasar ta hana.

Na ƙasar Sin ya fi ban tausayi. Can babban injin bincikensu Baidu ne. Wani ɗalibin jami'a mai suna Wei Zexi ya kamu da wani irin ciwon daji mai wuyar magani. Ya shiga Baidu neman mafita, ya ga wani asibitin rundunar 'yan sanda a Beijin a saman shafi, bai san kuɗi aka biya aka sa shi nan ba. Aka yi masa romon baka da wani sabon magani wanda ba a tabbatar da amfaninsa ba. Iyayensa suka kashe abin da suke da shi suka ci bashi, wajen yuwan 200,000. Kafin ya cika ya rubuta labarinsa jama'a suka karanta. Ya rasu ran 12 ga Afrilu 2016, yana da shekara 21. Ƙasa ta ɗauki zafi, hukuma ta shiga bincike, cikin watan Mayu ta umarci Baidu ya bambanta talla da amsa a sarari, ya daina jera sakamako bisa yawan kuɗi kaɗai, kuma kada talla ta wuce kashi 30 cikin 100 na shafi. Sai da rai ya salwanta aka gyara mudu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba za mu hana kamfanonin nan nasu ba. A 2015 Google ya fara sa wani akwati a saman shafi mai bayanin cututtuka, wanda likitoci suka duba, har da na asibitin Mayo na Amurka. A 2019 ya hana tallar magungunan gwaji da ba a tabbatar da su ba. Da korona ta ɓarke a 2020 ya haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya, duk wanda ya rubuta sunan cutar sai ya fara cin karo da bayanin hukumomin lafiya. Madalla. Wannan ya nuna mana cewa in dillali ya ga dama, ko in an matsa masa, ya iya sa gaskiya a rumfar bakin ƙofa.

Turawa ba su bar abin ga ganin damarsa ba. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2022, a 2023 ta sa Google da Bing cikin manyan injunan da tilas su riƙa auna haɗarin da aikinsu ke jawo wa jama'a, har da lafiyar jama'a, kuma su bar masu binciken waje su duba littafinsu. Wanda ya ƙi, tararsa za ta iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsa na shekara a duniya duka. Shin ran Bature ya fi na Bahaushe tsada ne?

SAI BANGO YA TSAGE

Mu dawo gida. Matsalarmu ta fi tasu, gama mu ban da dillali marar mai tsawatawa, rumbun ma fanko ne. Kusan rabin shafunan intanet da Turanci aka rubuta su. Hausa, wadda miliyoyin mutane ke yi daga Nijeriya da Nijar har Gana da Kamaru da Cadi da Sudan, rabonta bai cika cokali ba. Inji kuwa ba ya ba da abin da babu a rumbunsa, kuma ba ya son ya sallame ka hannu wofi. In ka tambaye shi da Turanci, yana da shafunan manyan asibitoci da jami'o'i da zai zaɓa daga ciki. In ka tambaye shi da Hausa, abin da ya tarar shi zai miƙo maka. A 2018 waɗansu masana biyu a Amurka, ɗayansu ma'aikacin injin Bing, suka yi rubutu a kan wannan giɓi, suka nuna cewa duk tambayar da masu gaskiya ba su rubuta kome a kanta ba, maƙaryata ne ke rigan kowa cike wurin. Hausawa sun riga su faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙadangarun kuwa kun san su. Su ne dai masu lasifika a bayan mota ranar kasuwa, sun koma cikin waya da bidiyo, kwalba guda tana warkar da basir da sanyi da olsa da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, ga lambar asusu a tura kuɗi. Ba da masu maganin gargajiya na kirki mu ke ba, waɗanda suka gaji sana'arsu, suka san iyakarsu, su kan ce wa majinyaci wannan na asibiti ne. Muna kuma yaba wa gidajen rediyo da jaridun Hausa da 'yan likitocinmu masu ba da lokacinsu suna yi wa jama'a bayani da harshen gida. Amma su nawa ne? Likita yana fama da layin majinyata, mai kwalba kuwa ba shi da aikin da ya wuce cika intanet da muryarsa.

Ga kuma sha'anin harshe. Shawara ciwo ce mai sa ido ya yi rawaya, shawara kuma ita ce wadda a ke ba aboki. Sanyi na hunturu ne, sanyi na ƙashi ne, sanyi kuma na mara ne. Ciwon daji ba a daji a ke ɗauko shi ba. Malamin asibiti Bahaushe zai gane wanda ka ke nufi da tambaya biyu. Injin da ya koyi Hausa daga ɗan abin da ya tsinta fa? Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, a 2024 kuma ya ba da damar a yi masa tambaya da baki da Hausa. An koya wa dillali jin Hausa ke nan, an ƙara masa masu ciniki, har waɗanda ba su iya rubutu ba. Hajar da zai miƙa musu ita ce ba a tanada ba.

Ku ɗauki mashaƙo misali. Tun Disamba 2022 ta ɓarke, Kano ta fi kowace jiha shan wuya, akasarin waɗanda ta kwantar yara ne da ba a yi wa rigakafi ba. Alamominta ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kumburin wuya da wani farin abu mai duhu-duhu da ke rufe maƙoshi har numfashi ya gagara. Maganinta yana asibiti, kuma jinkirin kwana biyu ya kan raba uwa da ɗanta. Allurar rigakafinta kyauta ce, a sati 6 da 10 da 14 na haihuwa. Wannan bayani duka bai cika rabin shafi ba. Uwar da ta ɗauki waya da tsakar dare ta ce maganin ciwon maƙogwaron yaro, shi ya kamata ta fara gani, da Hausa, kafin kowane jiƙo. Wa ya ɗauki nauyin tabbatar da haka? A nuna mana ofishinsa.

MUN RIGA MUN ƊANƊANA

Kada wani ya ce muna tsoratar da jama'a ne. Ran 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola. Likita Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta kamu, ta rasu, ƙasa ta tsira da mutum 20 da suka kamu, 8 suka mutu. Amma cikin watan Agusta na shekarar nan saƙo ya zaga wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum 2 suka mutu, waɗansu da dama aka kwantar a asibiti, gishiri ya kashe waɗanda Ebola ba ta ko kusance su ba. A watan Maris 2020 Shugaban Amurka Donald Trump ya yabi kulorakwin a kan korona, nan da nan aka yi wa kemis-kemis tsinke, farashi ya tashi, hukumomin Legas suka ba da labarin mutanen da aka kwantar don sun sha fiye da kima.

Injin bincike ba shi ya ƙirƙiro waɗannan jita-jita ba, ta saƙonnin waya da bakin manya suka zo. Amma mai hankalin da aka tashe shi da asuba aka ce ya sha gishiri, ya ce bari in tabbatar tukuna, ina zai tabbatar? Wurin dillalin nan zai je. A wannan sa'a amsar da ke saman shafi ita ce tsakaninsa da kabari.

Masu mulki za su ce, to ai sai a saurari hukuma. Mu kuwa muna tuna musu dalilin da ya sa talaka ya ke ɗari-ɗari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara wajen 200, yara 11 cikin waɗanda ke gwajin suka mutu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, sai 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya ba jita-jitar allurar shan inna ƙarfi a 2003, aka dakatar da rigakafi a Kano har tsakiyar 2004, cutar ta bazu har Yaman da Indonesiya, yaranmu suka shanye. Sai Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Duk wannan ɓarna jita-jita ta yi ta tun waya mai intanet ba ta shiga hannun kowa ba. Yarda kamar ƙwai ce, in ta fashe ba ta ɗinkuwa da sanarwar Turanci daga Abuja. Sai an yi wa mutum magana da harshensa, an faɗa masa amfanin abu da illarsa, an amsa tambayarsa ba tare da raini ba.

SABON SALO

Yanzu kuma dillali ya fara zama boka. Tun Mayu 2024 Google ya soma sa ƙirƙirarriyar basira ta haɗa amsa da kanta ta ɗora a saman shafi, kafin shekarar ta ƙare ya baza abin a ƙasashe fiye da 100. A makonnin farko aka kama ta tana ba mutane shawara su riƙa cin ɗan dutse kullum, ashe daga wata jaridar barkwanci ta kwafo, ba ta san wasa a ke yi ba. Kamfanin ya amsa cewa an yi kurakurai, ya ce ya yi gyara. Ba wannan ne karo na farko da na'ura ta yi alfaharin sanin ciwo ta kunyata ba. A 2008 kamfanin ya fito da tsarin hasashen yaɗuwar mura daga tambayoyin mutane, a 2013 ƙiyasinsa ya kusa ninka na hukumar lafiyar Amurka, a 2015 aka rufe shi. Wannan fa da Turanci ke nan, harshen da rumbunsa ya cika ya batse. Ina ga Hausa? A da aƙalla ka kan ga sunan shafin ka auna mai maganar. Yanzu amsa ce guda, cikin lafazi mai daɗi, gaskiya da ƙarya murya ɗaya.

LAIFIN WA?

Kamfani yana da nasa, amma ɗan kasuwa ne, riba ya fito nema. Babban laifi yana wuyan waɗanda suka karɓi amanarmu. Me ya kai talaka ga tambayar waya tun farko? Asibiti ne ya fi ƙarfinsa. A Afrilu 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika alkawarin nan ba, shekara da shekaru tana yawo a wajen kashi 5. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da a ke kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci ya ke fita. Ministan Lafiya da kansa ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Nijeriya ne. Su manya in kansu ya sara sai Landan ko Alƙahira ko Dubai. Kai kuwa kati da gwaji da magani sun fi cinikinka na mako, data ta naira ɗari biyu ita ce likitanka.

Kada kuma su ce kamfanonin nan sun fi ƙarfinsu. A Yuni 2021, da Twitter ya goge saƙon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, cikin kwana biyu aka rufe shi, ya yi wata bakwai a rufe. A 2024 hukumar kare masu sayayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Ashe in an taɓa mutuncin babba, ko in akwai kuɗin da za a karɓa, hannu yana kai wa. Ran ɗan talaka ne kaɗai hannu ba ya kai wa.

BUKATUNMU

Na ɗaya. Ma'aikatar Lafiya da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka da hukumar kula da lafiya matakin farko su rubuta, su kuma ɗauki murya, a kan kowace cuta da ta dame mu, da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Yarabanci da Ibo da sauran harsunanmu. Bayani gajere, marar cin data, wanda likita da masanin harshe suka duba tare, kowa ya kwafa kyauta. Kuɗin motar alfarma guda ya isa a fara.

Na biyu. Gwamnati ta zaunar da masu injunan bincike su amince cewa wannan bayani shi zai hau saman shafi, musamman lokacin annoba, tare da lambar kiran NCDC ta kyauta, 6232, yadda suka yi wa duniya lokacin korona.

Na uku. Doka ta riga ta ce ba a tallar magani sai da izinin NAFDAC. A bi ta cikin waya yadda a ke bin ta a rediyo. Kowace tallar magani ta nuna lambar rajista, a rubuta TALLA da manyan baƙaƙe da harshen mai tambaya, kamfani kuma ya ɗauki masu jin Hausa su riƙa duba abin da ya ke karɓar kuɗi a kai.

Na huɗu. Kada na'ura ta faɗi adadin maganin da za a sha da harshen da likitoci ba su jarraba ta a kansa ba.

Na biyar. Kada a fake da guzuma a harbi karsana. Mun san halin masu mulki, za su so su mai da yaƙi da ƙaryar magani sandar dukan 'yan hamayya da 'yan jarida. Duk umarnin goge wani abu a buga shi a fili da dalilinsa, kuma ƙofar kotu ta kasance a buɗe. Wanda ya ce babu magani a asibitin garinsu ba jita-jita ya yaɗa ba.

Na shida, wanda shi ne uwa uba, a cika alkawarin kashi 15, don talaka ya sami mutum mai rai da zai tambaya.

KAFIN SU FARKA

Kafin nan, 'yan'uwa, ku yi wa wayar nan irin cinikin da ku ke wa baƙon dillali. Ku duba ko amsar sama talla ce. Ku duba wa ya rubuta, asibiti ne ko mai kwalba. Duk maganin da aka ce yana warkar da kome, ba ya warkar da kome. Duk bayanin da ya ƙare da lambar asusu, ciniki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci, saboda haka ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwali ku kankare ku aika lambar ku tabbatar.

Akwai kuma alamomin da ba a tsayawa tambayar waya a kansu: yaro yana jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya kumbura, ko ya kasa shan nono, ko numfashi yana yi masa wuya; mai ciki tana zubar da jini ko ƙafa da fuska sun kumbura da ciwon kai. Waɗannan sai asibiti, ko da bashi. In amai da gudawa ne, a fara ba da ruwan gishiri da suga tun a gida, in babu na ƙunshi a haɗa ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, ana ba shi ana tafiya.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da sakatarorin rassan jam'iyya su karanta wa jama'a wannan a wurin taro, su gayyaci malamin asibiti na unguwa ya amsa tambayoyi, mata kuma kada a bar su a baya, gama su ke kwana da majinyaci. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, kafin ya sauke buhun shinkafa ku tambaye shi nawa ya ware wa asibitin garinku, kuma da wane harshe Gwamnatinsa za ta yi wa ɗanku bayanin ciwonsa.

Matambayi ba ya ɓata, in ya sami na gari ya tambaya. Haƙƙinmu ne a ba mu na gari, kuma ba za mu daina nema ba sai mun samu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba talaka sawaba.